Kafin Ka Ɗaura Winci a Goshin Hilux a Zariya

A nan Ostiraliya da nake zaune, da wuya ka ga Hilux ko Land Cruiser ta nufi daji babu winci a goshinta, wato na'urar da ke naɗe igiya tana jawo mota idan ta kafe. Dalilin a fili yake. Ƙasar ta ninka Najeriya faɗi sau 8, mutanenta kuwa wajen miliyan 27 ne, yawancinsu a bakin teku. Idan motarka ta kafe a can ciki, kana iya wuni ba ka ga ɗan Adam ba, waya kuma ba sabis. Dole ka zama mai ceton kanka.

Mu kuwa a gida, bari mota ta kafe a watan Agusta a wata hanyar gona bayan Hunƙuyi ko ta wajen Maigana. Kafin ka gama zagaya ta kana salati, samari sun fito da fartanya da itace da kara. Wani ya shiga ƙarƙashi yana haƙa, wani yana ba direba umarni, sauran su sa kafaɗa. In abin ya faskara a kira mai tantan. Ka ba da na goro, a yi maka fatan sauka lafiya. Shi ya sa duk lokacin da 'yan uwa suka turo min hoton wani winci suna tambaya ko shi ne irin wanda ake yayi a nan, nakan ce a dakata. Abin da Bature ya zaɓa don dajinsa ba lallai ya dace da mai ɗaukar masara daga Giwa ko rake daga Maƙarfi ba.

Lissafin ƙarfi dai ɗaya ne ko'ina: nauyin mota da kayanta, a ƙara rabinsa a kai. Hilux da cikakken lodi bisa ƙa'idar kamfani tana wajen tan 3, don haka nan mutane da yawa suna tsayawa a winci mai laba 9,500, wato kimanin kilo 4,300. To amma wa yake bin ƙa'idar kamfani a Zariya? Motar kanta tan 2 ce da 'yan kai. Ɗora mata buhun masara 15, ga direba, ga yaran mota a sama, ka haura tan uku da rabi. Lissafin ya kai ka ga mai laba 12,000, kusan kilo 5,400. Sannan taɓon fadamar Galma ba yashi ba ne. Laka ce mai riƙo, idan cikin mota ya zauna a kanta tana iya neman ninkin nauyin motar kafin ta sake ta.

Lambar da ke jikin kwali ma akwai magana a kanta. Ƙarfin da aka rubuta na layin farko ne na igiya, wanda ke manne da gangar da take naɗewa a kai. Duk layin da ya hau kan wani, ƙarfi na raguwa, har ta kai wincin da igiyarsa ke naɗe kusan duka ba ya ba da abin da ya wuce kashi biyu cikin uku na abin da aka yi alkawari. Don haka a warware igiya sosai, a bar aƙalla zagaye 5 a jikin ganga idan ta ƙarfe ce. Kuma a sayi fuli, gargaren nan mai kwarmi da igiya ke bi ta cikinsa ta dawo jikin mota. Kuɗinsa kaɗan ne, yana kusan ninka ƙarfin ja, gudun ne kawai zai ragu da rabi. Ni a wurina matsakaicin winci da fuli ya fi ƙato marar fuli.

Inda na fi jin tsoro a kanmu shi ne batir. Winci na lantarki idan ya ɗauki nauyi sosai yana zuƙar wuta fiye da amfiya 400, altanetar mota, mai cajin batir, kuwa ba ta ba da ko rabin haka. Ragowar daga batir take fitowa. A nan mutum zai sa sabon batir mai ƙarfi, wasu ma biyu. A gida fa? Batirin da sai an tura mota da safe, kan batirin ya yi farin gishiri, an danna ƙusa a gefe don ya kama. Sayen winci a kan irin wannan batir kamar sayen doki ne ba a tanadi harawa ba. Ka je wurin mai rewaya wanda ya san aikinsa, ya sa waya mai kauri, ya kai wayar ƙasa, wato nagetif, har jikin batir, ya sa makunnin yanke wuta. Lokacin ja a bar inji a kunne, a ja kaɗan a huta. Idan ka ɗora hannu a jikin injin wincin ka kasa daurewa, ya yi zafi ke nan.

Batun igiya kuwa, a nan ta roba ta ci kasuwa, irin wadda ake yi da zaren Dyneema. Ba ta da nauyi, tana yawo a kan ruwa, in ta tsinke ba ta yin bulala kamar ta ƙarfe, kuma ana iya saƙa ta a daji. Ina son ta. Amma tana son lele: rana na cin ta, zafin ganga na raunana ta, ƙasa in ta shiga tsakanin zaren tana yanka shi daga ciki, sai an riƙa warware ta ana wankewa. Motar da ke kwana a waje cikin ranar Afrilu da ƙurar hunturu, yau wannan direba gobe wancan, ba wanda zai yi mata wannan hidima. Ga motar haya ko ta gona, waya ta ƙarfe nake ba da shawara, da safar hannu ta fata saboda silin da ke tsirowa yana tsaga tafi. In ta lalace kuma ba sai an yi odar ta daga waje ba, kasuwar ƙarfe irin Panteka ta Kaduna tana kusa.

Abin da na yarda mu kwaso daga nan ba tare da gyara ba shi ne tsoron igiya. Ba a ɗaura ta a bamba, ba a rataya ta a ƙwallon jan tirela. Ƙwallon nan yana karyewa ya taho da gudu, kuma ya sha kashe mutane a ƙasar nan. Winci da kansa a kan faranti mai kauri da aka ɗaure da kusoshi a shasi yake zama. Mai walda ya ɗiga shi a bamba ya ce Alhaji ko giwa ce zai ja, kada ka yarda. Ana jefa bargo ko buhu mai ɗan nauyi a tsakiyar igiya don in ta tsinke ta faɗi ƙasa, kuma kowa ya ja baya fiye da tsawon igiyar. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya a wurinmu, domin duk yaran ƙauye za su zo kallo, kuma daidai gefen igiya suke son tsayawa. Sai an sa babba guda aikinsa kawai kora.

Sai kuma tambayar da kwalin bai amsa ba: a jikin me za ka ɗaura? Dazukan jihar Victoria a nan Ostiraliya cike suke da manyan bishiyoyin turare. Gonakinmu ɗorawa nan, kaɗanya can, fadama kuma wani lokaci ba ko ɗaya a tsawon igiya mita 25. Ga ɗorawar tana da mai ita, in ka zagaya mata waya ta yanke ɓawo ka kashe masa bishiya, don haka a sa ɗamara mai faɗi. In babu bishiya, a haƙa rami mai zurfi a binne tayar ko-ta-kwana a ɗaura a jikinta. Shebur ke nan ya shiga cikin kayan.

Wanda kuma sau biyu ko uku kacal yake kafewa a damina, ni da zai ji tawa da wincin hannu irin Tirfor zai nema. Gumi ne, amma ba ruwansa da batir, ana sauke shi daga wannan mota a sa a waccan, kuma hannun ja ba ma rasa shi. Wincin goshi gaba kawai yake ja, alhali sau da yawa gaban ne ya fi muni, busasshiyar ƙasar tana bayanka inda ka fito. Na hannu sai ka zagaya da shi baya ka ɗaura.