Ƙofar Alhaji mai culum-culum

Alhaji: Injiniya zo ka ji wata masifa. 504 ɗin nan tawa in na taka burki sai in ji culum-culum a cikin ƙofa, in na rufe ta kuma ta ce gwaram kamar an jefar da garwa.

Oga: Yaro kawo sukudireba, cire hannun gilas ka ɓalle kwalin ƙofar a hankali... Innalillahi. Alhaji kiwon kifi ka fara?

Alhaji: Ruwa? Ta ina? Ni da na bi ramukan da ke ƙasan ƙofar ɗaya bayan ɗaya na liƙe da gam, don na ga mutanen Faransa sun manta ba su toshe ba.

Oga: Motar da Peugeot suka fito da ita tun 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, sai kai Allah ya nuna wa mantuwarsu? Magudana ce ranka ya daɗe. Ba ƙofar motar da ruwa ba ya shiga, ta gefen robar gilas yake silalewa ya sauka ƙasa ya fita ta ramukan nan, to ka toshe masa hanya ya kwanta a daidai inda aka naɗe fatar ƙofa a kan firam, kuma daga nan tsatsa take farawa, daga ciki, kafin ka ga fenti ya yi ƙuraje a waje ta gama cin rabonta.

Alhaji: To ina ledar nan da na gani a bayan kwali? Na yage ta, na ɗauka ta sabunta ce.

Yaro: Shi ya sa kwalin ya kumbura Oga.

Oga: Ita ke tare danshi. Alhaji dan Allah me kuma ka cire?

Alhaji: Ban cire ba, ƙarawa na yi. Soson tsohuwar katifa na cusa saboda ƙara.

Oga: Yaro matso shi... ka gani? Soso mai shan ruwa a jikin ƙarfe, ai gara ka bar ƙofar fayau.

Alhaji: To a zuba baƙin mai mana, kakanninmu da shi suka yi.

Yaro: Kakan Alhaji yana da mota?

Alhaji: Kai rufa min baki!

Oga: Baƙin mai ɗiga zai yi ta yi, ya lalata roba, ga wari. Aikin bi da bi ne. Mu buɗe ramuka, mu wanke, ta bushe ƙarau. Burushin ƙarfe ya kankare ɓawon, sai maganin tsatsa mai sinadarin fosforik da zai mayar da saura baƙi, sannan fentin ƙasa. Inda ya hude kuwa walda ce, kar ka ce min fila, wannan kwaɓin da ake cike rami da shi.

Alhaji: Fila zan ce.

Oga: Na sani. Bayan fenti ya kama sai faifan kashe ƙara, na robar butil mai bayan alminiyam, a manna a tsakiyar fatar ƙofa a bi da rola har iska ta fita tas, don in ka bar aljihun iska a ƙasansa danshi ya samu ɗaki. Banda mai kwalta, rana na dukan ƙofa zai yi laushi ya zame, motar ta yi ta warin sabon titi.

Alhaji: Yauwa, a lulluɓe ko'ina, ninki uku, ina so in rufe ƙofa a ji dum, a ɗauka Marsandi ce.

Oga: Kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabi ya isa, aikinsa hana ƙarfen rawa ne kawai. Ninki uku kuma ƙofar ta yi nauyi ta sauko, ka koma ɗaga ta da gwiwa kafin ta rufu.

Yaro: Oga in feso kakin hana tsatsa yanzu?

Oga: Kai! Kaki ne ƙarshe, in ka riga fesawa ba abin da zai sake mannuwa a ƙarfen nan. Sai an gama, ka ɗaga gilas sama, ka zura tiyo cikin lungu ya bi naɗin ƙasa, ka sake tsokale ramukan, sannan sabuwar leda.

(Bayan an gama an mayar da kwali.)

Oga: Bismillah Alhaji, rufe ka ji.

Alhaji: Allahu akbar, dum! Bari in sake... Injiniya, meye kuma wannan ƙwal-ƙwal ɗin?

Oga: Yaro. Ina sifana lamba 10?

Yaro: Oga ai kai ka ce in ajiye ta inda ruwa ba zai taɓa ta ba.