Dogon hutu: a fitar da yara su ga garin da aka haife su

Daga ƙarshen watan Yuli har cikin Satumba makarantun boko a rufe suke, yara suna gida. A yawancin gidajenmu na birni, hutun nan hanya biyu yake bi. Mai hali ya biya kuɗin lesin, yaro ya koma ajin da ya baro jiya, yunifom kawai aka cire masa. Wanda ba shi da hali ya bar su tsakanin talabijin da wayar uwarsu da ƙwallon layi, sai lokacin Islamiyya ya yi a kora su. Fita da yara kuwa mun jingine ta sai Sallah: a yi ɗinki, a cika a-daidaita-sahu, a nufi gidan zu ko wani katafaren kanti, a sha turmutsitsi, a ɗauki hoto, a dawo a gajiye.

Ni a ganina wannan asara ce, kuma asarar da muke iya magancewa da kuɗin mota da ruwan sha. Makonnin nan su ne kaɗai lokacin da uba zai iya kama hannun ɗansa da 'yarsa, ba tare da ana jiran ƙararrawar makaranta ba, ya nuna musu garin da suke ciki. Mun bar wannan aikin ga malaman makaranta masu shirya yawon buɗe ido sau ɗaya a shekara, da baƙin da ke zuwa daga nesa da kyamarorinsu.

Ɗauki Kano. Akwai yaron da aka haifa a Gwale ko Fagge, ya gama sakandare, bai taɓa sa ƙafa a Gidan Makama ba, alhali ya wuce ta ƙofarsa ba adadi. Ginin nan tun ƙarni na 15 yake. A cikinsa Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau sarautar Kano a 1463, kuma bayan Turawa sun ci garin a 1903 sun yi amfani da shi na wani lokaci. Yau gidan tarihi ne. Yaro zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan doki, da hotunan sarakuna. Amma tun kafin ya kai ga kayan, ginin kansa darasi ne. Ka shiga soro da rana tsaka ka ji sanyi ya ratsa ka, babu fanka babu na'ura. Ka ɗaga kai ka ga yadda aka lanƙwasa azara aka ɗaure rufin. Yaron da ya tashi a gidan bulo da kwano, wanda yake jin gidan ƙasa alamar talauci ce, a nan zai fara tambaya: Baba, me ya sa nan ya fi gidanmu sanyi? Amsar wannan tambayar ta fi darasin mako guda a lesin.

Daga nan zuwa marinar Ƙofar Mata ba nisa. Ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, kuma har yau akwai ramukan da ake rini a cikinsu. Wanda yake so ya ga ido ya buɗe, ya tsayar da ɗan shekara takwas a bakin ramin. Marini zai tsoma farin ƙyalle a ruwan baba da toka, ya ɗago shi yana ɗiga, launinsa kore-kore. Kafin yaron ya gama mamaki, iska ta taɓa ƙyallen, ya fara rikiɗewa zuwa shuɗi a kan idonsa. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, shuɗin na ƙara duhu. Hannun marinin kansa ya rine har wuyan hannu. Can gefe kuma masu bugu suna sauke guduma a kan turmi har yadin ya yi ƙyalli. Abin da malamin kimiyya zai zana a allo da alli, ya ce iska ce take canza sinadari, ga shi yana faruwa a hannun wani dattijo da ya gaji sana'ar daga kakanninsa. Gani ya kori ji.

Sai Dutsen Dala, inda labarin Barbushe da farkon zaman mutane a Kano yake. Hawansa da safe, bayan an yi ruwa ƙura ta kwanta, yana nuna wa yaro abin da taswira ba ta nunawa: ga masallacin Juma'a, ga Goron Dutse, ga inda Kurmi take, ga abin da ya rage na badala, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa kusan shekara 900 da suka wuce.

Na daɗe a kan Kano ne don ita na fi sani, amma kowane gari da nasa. Katsina na da hasumiyar Gobarau, Daura na da rijiyar Kusugu, Sakkwato na da Hubbaren Shehu, Argungu na da gidan tarihin Kanta. A Kaduna akwai Arewa House, gidan da Sardauna ya zauna kuma aka kashe shi a cikinsa ranar 15 ga Janairun 1966. Gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana riƙe da sassaƙen yumɓun Nok masu shekaru sama da 2,000.

Abin ya fi zama dole idan aka tuna cewa an cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya na tsawon shekaru fiye da goma, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Da yawa daga matasan iyayen yau da matasan malamai sun ratsa makaranta a wannan giɓin. Idan muka ce makaranta za ta cike wa yaranmu wannan ramin, to mun dogara ne ga waɗanda su ma ba a ba su ba.

Na san hanzarin da za a kawo, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko shi ne kuɗi. Magidancin da yake lissafin kwanon masara ba zai ji daɗin a ce masa ya je yawon buɗe ido ba, kuma yana da gaskiya idan Yankari ake nufi, da kuɗin mota da masauki. Amma abin da nake magana a kai yana cikin gari. Kuɗin shiga irin waɗannan wuraren bai kai abin da ake kashewa a kan data a mako guda a gidaje da dama ba, wasu wuraren ma abin da za ka ba mai yi maka jagora ne kawai. A dafa abinci daga gida, a zuba ruwa a gora.

Na biyu tsaro, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Akwai hanyoyi da dazuzzukan da babu mai hankalin da zai ɗauki iyalinsa ya nufa a yanzu, ni ma ba zan ce a je ba. Sai dai rashin tsaron daji bai kamata ya zama dalilin kulle yaro daga abin da yake unguwar da ke kusa da tasu ba.

Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa a fili ba: wasu iyayen na ƙyamar gidan tarihi saboda suna ganin gumaka ne a ciki, ko kuma labarin Tsumburbura, abin bautar mutanen Dala a zamanin Barbushe, labarin kafirci ne da bai dace yaro ya ji ba. Ina girmama wannan damuwar, amma ban yarda da inda ta kai su ba. Alƙur'ani da kansa ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. Yaron da mahaifinsa ya tsaya kusa da shi ya ce, ka ga abin da mutanen wancan zamanin suke bauta wa kafin Musulunci ya iso, ga yadda malamai Wangarawa suka zo, ga yadda gari ya canza, wannan yaron imaninsa ya samu gindi. Wanda aka ɓoye wa, zai ci karo da labarin a intanet wata rana daga bakin wanda ba ka zaɓa ba.

Kuma fitar ba ta tsaya ga gine-gine ba. Dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da ƙasa ta fi kyau. Akwai 'ya'yan birni da suke cin tuwo kullum amma ba za su bambance gero da dawa a gona ba, ba su san gyaɗa a cikin ƙasa take 'ya'ya ba. Kusan kowannenmu yana da ɗan'uwa mai gona a bayan gari. Wuni ɗaya can, yaro ya riƙe fartanya, ya ga yadda ake huɗa, ya ji nauyin aikin, zai dawo yana kallon kwanon abincinsa daban. Sharaɗin dai shi ne babba ya kasance tare da su. Damina ce lokacin da kududdufai ke cika, kuma kowace shekara muna jin labarin yaran da suka tafi wanka su kaɗai ba su dawo ba. Yaron da ba a fita da shi, shi zai fitar da kansa.

A nan zan yi wa 'yan'uwana maza magana kai tsaye. Malam, ba aikin uwargida ba ne ita kaɗai, kuma ba aikin direba ba ne. Awa uku daga cikin lokacin majalisa ranar Asabar ba za su rage maka komai ba. A tafi da 'yan matan ma, don sau da yawa su ake bari a gida da wanke-wanke. In an je kuma kada a mayar da wurin aji. Yaro zai iya tsayawa minti goma a gaban sirdin doki ya ƙi kallon hoton sarki. A bar shi. In ya yi tambayar da ba ka sani ba, ku je tare ku tambayi ma'aikacin wurin.

Masu riƙe da waɗannan wuraren su ma akwai bashi a kansu. Gidajen tarihinmu da yawa an tsara su ne kamar baƙo daga waje kaɗai ake jira. Bayanin da aka liƙa jikin kaya da Turanci yake, wani ya koɗe, babu wurin zama a inuwa, banɗaki kuwa sai addu'a. Uwa mai goyo da yara huɗu ba za ta koma irin wannan wurin sau biyu ba. A Yamai, gidan tarihin Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, ya haɗa ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, da namun daji masu rai, da masu sana'ar hannu suna aikinsu a fili guda, shi ya sa iyalai suke cika shi. Namu ba sai sun kai haka a rana ɗaya ba. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da ofisoshin tarihi na jihohi za su iya farawa da rubuta bayanan da Hausa, har da ajami, su ware ranaku a cikin Agusta da yara za su shiga kyauta, su ajiye mai ba da labari wanda ya iya magana da ƙananan yara, su kuma sanar a gidajen rediyo tun kafin a rufe makarantu.