Tsadar gilashin kyamara ba daga masana'anta kaɗai take ba

Har yau abin da kamfanin Canon ya yi a 2022 yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kamfanin Viltrox na ƙasar Sin ya ƙera gilashin kyamara mai saita hoto da kansa, wanda ke hawa bakin sabbin kyamarorin Canon samfurin RF, a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. Canon ya ce an taka masa haƙƙin mallaka, aka janye kayan. A 2024 ya sassauta wa Sigma da Tamron, wasu kamfanonin ƙera gilashin kyamara na Japan, amma a kan ƙananan kyamarorinsa na APS-C kawai, wato masu ƙaramin allon ɗaukar hoto a ciki.

Masu kare Canon zancensu ɗaya ne kullum: ƙera gilashi aiki ne mai cin kuɗi. Wa ya musa? Ana narkar da shi, a bar shi ya huce sannu a hankali don kada ya yi tabo a ciki, sannan a yanka, a wasa, a goge, a shafa masa sinadarin hana ƙyalli. Ƙwayoyin gilas da dama ake jerawa a cikin kowane gilashi; ƙwaya ɗaya ta ɗan karkace wajen haɗawa, gefen hoto ya dushe. Gilashin Canon RF 50mm f/1.2, mai shigar da haske sosai ko a duhu, ƙwayoyi 15 ne a cikinsa, ya fito kan dala 2,299, ƙaninsa f/1.8 mai ƙwayoyi 6 kuwa wajen dala 200. Wannan ratar na fahimce ta.

To amma Sigma fa? A Aizu ta Japan yake ƙera nasa, da albashin ma'aikatan Japan, duk da haka yakan sayar ƙasa da manyan. Sony tun 2011 ya buɗe wa sauran kamfanoni bakin kyamararsa, kuma bai karye ba. Ashe wani ɓangare na kuɗin da ake karɓa a hannunmu ladan rufe ƙofa ne. Masu cewa ana kare inganci ne su bar mai saye ya duba da idonsa.

Wanda abin ya fi ƙona shi ne mai hoton biki a Kano ko Kaduna, da naira ta zube a hannunsa tun 2023. Kuɗin biki nawa zai tara kafin ya mallaki gilashi ɗaya mai ɗaukar amarya a zaure mai duhu? Haka zai ƙare da na hannu, yana goge hazo da gefen riga.

Ya kamata hukumomin hana babakere a Japan da Turai su leƙa wannan ƙofa. Kafin nan, duk mai sayen kyamara ya fara tambayar gilashin kamfani nawa ke hawa kanta.