Ba kowane ƙwaro ne abokin gaba a lambu ba

Abin nan yana damuna gaskiya, mutanenmu masu lambu a bakin kogunan Galma da Kubanni a Zariya da yawa sun ɗauka duk abin da ya motsa a jikin ganye ɓarna ya zo yi, sai kawai a saɓa famfon feshi. Ban ga laifinsu ba, wanda tsutsa ta taɓa cinye masa tumatir dole ya tsorata.

Amma a cikin ƙwarin nan akwai masu cin ganye, akwai kuma masu cin masu cin ganyen. Gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, kwaɗo da ƙadangare duk aiki suke maka kyauta. Dubi zanzaro, ɗakin lakar nan da yake ginawa a bango in ka fasa za ka tarar da tsutsotsi a jere, daga shuka ya kwaso su ya harbe su ya ajiye wa 'ya'yansa abinci.

To in kai feshi mai ƙarfi duka kake kashewa, kuma matsalar ita ce darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, da irinta sun fi maharbansu saurin hayayyafa nesa ba kusa ba, cikin 'yan kwanaki sun dawo sun tarar ba mai cinsu, sai ka ga abin ya fi na da yawa ka sake sayen magani, a hankali kuma maganin ya daina kama su.

Ba wai kar a yi feshi ba. A fara juya bayan ganye a ga me ke wurin, in ɓarnar kaɗan ce a tsince da hannu ko a gwada ruwan dogonyaro, in ta yi yawa a fesa iya inda ta kama da yamma, lokacin da ƙudan zuma suka bar fure.