An gayyato taurari, an bar ɗaliban marigayi a bakin ƙofa

Fostar taron kiɗan tunawa da marigayi malaminmu ta fito makon jiya, kuma duk mai bin labarin ya riga ya gan ta. Fuskokin baƙi huɗu ne suka cika ta, kowa rungume da abin kiɗansa yana murmushin talla. Hoton marigayin da aka ce don shi za a taru yana can ƙasa a kusurwa, bai fi kan sarki girma ba. Wannan ma da sauƙi. Da na buɗe jadawalin ne raina ya ɓaci: ɗaliban da mutumin nan ya kwashe fiye da rabin rayuwarsa yana koya wa mandolin, wani abin kiɗa mai tsirkiya, an ba su harabar zaure, su riƙa kaɗawa yayin da jama'a ke nuna tikiti suna neman kujera. Da zarar an rufe ƙofa, dandamali ya koma hannun baƙi. A can ƙarshe za a kira ɗaliban su jeru a baya, su raka waƙa guda, a ɗauki hoto, a watse.

Ba zan kama sunan kowa ba, don 'yan kwamitin shirya taron ba mugaye ba ne, wasu ma sun fi ni kuka ranar da Malam ya rasu. Kuma in faɗa tun da wuri, ni ba ɗan kallo ba ne a maganar nan. Na zauna gabansa shekara shida, na fara da gemuna, ban kuma taɓa zama gwani ba. Wanda zai ce haushin rashin hawa dandamali ne ke cina, ya je ya faɗa. Ko an ba ni ba zan hau ba, hannuna ya daɗe da yin tsatsa.

Da na tuntuɓi ɗaya daga cikinsu, cewa ta yi: "Haba Yaya, kai ma ka sani, ba wanda zai biya kuɗi ya zo ya ji yara suna kuskure." Ta faɗi gaskiyar zuciyar kwamitin gaba ɗaya. A wurinsu taron kaya ne da za a sayar, marigayin kuma shi ne takardar naɗe kayan.

Na san inda suka kwafo wannan tsari. A watan Afrilun 1992 an cika filin wasa na Wembley a Landan da mutum kusan 72,000 don tunawa da shahararren mawaƙi Freddie Mercury, manyan mawaƙa suka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya suna rera waƙoƙinsa, aka tara kuɗi don yaƙi da ƙanjamau. Tun daga nan duk wanda aka ce masa taron tunawa da makaɗi, hoton da ke zuwa masa ke nan. To, Mercury mutumin dandamali ne, a kan dandamali ya yi aikinsa, abokan sana'arsa ne suka karrama shi da irin abin da ya bari. Malami fa? Aikinsa a ƙaramin ɗaki ya yi shi, da kujera biyu da mutum ɗaya a gabansa. Bai bar faifan da za a sake rerawa ba. Abin da ya bari yana yatsun mutane, kuma mutanen ne aka tura bakin ƙofa.

Wanda bai taɓa riƙe mandolin ba ba zai gane nauyin wannan magana ba, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Tsirkiya takwas gare ta, an jera su bibbiyu, ana saita su daidai da gogen Turawa. Na ƙarfe ne, a ɗaure tamau, kuma kowane yatsa biyu yake dannewa lokaci guda. Makon farko kan yatsunka zai yi ja kamar ka taɓa garwashi, sai kanta ta fito kafin ka samu lafiya. In ɗaya daga cikin tagwayen ta ɗan sauka ko da ƙiris ne, sautin sai ya riƙa rawa kamar muryar mai zazzaɓi, shi ya sa makaɗanta ke tsokanar kansu cewa rabin rayuwarsu a saiti take ƙarewa. Babbar matsalarta kuwa, sautinta ba ya jimawa. Mai goge zai ja baka sauti ya miƙe yadda yake so. Mai mandolin da ya karta sau ɗaya, kafin ya ƙifta ido sautin ya mutu. Dabarar da aka samo ita ce karkarwa, wadda Italiyawa ke kira tiremolo: ka riƙa kai ɗan fallen da kake karta tsirkiya da shi sama da ƙasa da sauri har kunne ya ɗauka sauti ɗaya ne dogo.

Karkarwar nan ba ta koyuwa daga littafi. Malam yana da tsohon littafin Raffaele Calace, gwanin birnin Naples da ya rasu a 1934, bangonsa ya rabu an liƙe da salatif, gefen kowane shafi cike da rubutun fensir. Amma da wuya ya buɗe shi a watannin farko. Sai dai ya kama wuyan hannunka da yatsu biyu, ya girgiza shi kamar mai duba ko tsumma ya bushe, ya ce: "Saki hannun, ɗan'uwa, ba faɗa kuke yi da ita ba." Wata takwas ina jin wannan jimla. Ranar da hannun ya saku, bai yabe ni ba. Ya juya ya kalli taga, ya ce in sake. Na sake. Sannan ya buɗe shafi na gaba.

Yau in ka tara ɗalibansa goma a ɗaki guda, daga mai furfura har yarinyar da ƙafarta ba ta kai ƙasa daga kan kujera, za ka ga dukkansu iri ɗaya suke karya wuyan hannu, iri ɗaya suke ɗan jinkirta kafin sautin ƙarshe. Ba su ma san suna yi ba. Wannan shi ne mutumin. Baƙin da aka gayyato sun fi ɗaliban iya kiɗa nesa ba kusa ba, ban musa ba. Amma biyu daga cikinsu sau ɗaya suka taɓa gaisawa da shi, ɗaya kuma sai da aka aika masa da hoton marigayin kafin ya tuna. Za su zo su kaɗa abin da suka saba kaɗawa a kowane gari, su ce "mun sadaukar da wannan ga marigayi", wataƙila ma su karanto sunan daga takarda. Kayan aro ba ya rufe katara.

Tarihin mandolin ɗin kansa ya isa ya koya wa kwamitin darasi, da za su duba. Bill Monroe, wanda aka haifa a 1911 a jihar Kentucky ta Amurka, shi ake kira uban kiɗan bulugiras, wani salon kiɗan karkarar Amurka, kuma shi ya mayar da mandolin jagora a wannan kiɗa. Iyayensa sun rasu yana matashi, ya koma hannun kawunsa Pendleton Vandiver, mai goge, yana binsa wuraren rawa yana raka shi da kiɗa. Akwai kuma Arnold Shultz, baƙar fata mai jita da goge, wanda Monroe ya yi ta ambato har tsufansa a matsayin wanda ya buɗe masa kunne. Shultz ya rasu a 1931, Vandiver a 1932, kuma babu ko ɗayansu da aka naɗi kiɗansa a faifai. Da a ce sai da taron taurari ake tuna malami, da yau ba wanda ya san an yi su. Monroe ya yi wa kawun nasa waƙa a 1950, sannan a 1972 ya fitar da faifai guda na kaɗe-kaɗen da ya haddace daga gogen tsohon tun yana yaro, shekara 40 bayan an binne shi. Duk abin da duniya ta sani game da salon Vandiver, daga hannun ɗalibinsa ta ji shi. Ba ta da wata hanyar.

Ko Vivaldi ma, makaɗin nan na Italiya da ake ta kaɗa waƙoƙinsa na mandolin a manyan zauruka, malamin makaranta ne. Tun 1703 yake koyar da 'yan mata a gidan marayu na Pietà a Venice, kuma da yariman Saxony ya ziyarci gidan a 1740, 'yan matan ne suka kaɗa masa sabon aikin malaminsu, har da mandolin biyu a ciki. Ba a aika wani gari an ɗauko gwanaye don kada a ji kunya gaban yarima ba. Za a ce ai waɗancan 'yan matan ƙwararru ne. Haka ne, kuma sun ƙware ne don an saba ba su dandamali.

Hujjar da kwamitin ya fi riƙewa ita ce kuɗi: taurari su ke cika zaure, abin da aka tara kuma za a buɗe asusun tallafa wa masu koyo da sunan marigayin. Magana mai daɗin ji. Sai dai a cire kuɗin jirgin baƙi da masaukinsu da hayar babban zaure da na'urorin sauti da masu ɗaukar bidiyo, sannan a zo a nuna mana abin da ya rage, a rubuce. Na ga irin waɗannan asusu da dama, ana sanar da su da tafi, bayan shekara biyu ka tambaya a ce maka ana kan tsarawa. Masu cewa mamaci addu'a yake buƙata ba kiɗa ba kuwa, ba da su nake ba yau, kuma ba wanda ya riƙe musu hannu.

Akwai wata hujjar da ba sa faɗa a fili, ita ce ta fi ba ni haushi. Kunya suke ji. Suna tsoron a ce ashe ɗaliban da ake ta yabon malaminsu haka suke, wannan tsirkiyarsa ta sauka, waccan ta manta tsakiyar waƙa. Wato suna so su kare mutuncin Malam daga aikin Malam. Mutumin da ya zaɓi ya ƙare rayuwarsa yana sauraron kuskure, awa bayan awa, da gangan, alhali yana da hannun da zai iya yawon duniya da shi, yau shi ake ɓoye wa ɗalibai kamar abin fallasa. Duk ƙarshen zango yakan tara mu a ɗakin da ya samu, ya sa mafi rauni a cikinmu ya fara, shi kuma ya zauna gefensa da jita yana raka shi a hankali. In yaro ya ɓace, sai Malam ya yi ta maimaita wurin, yana jira, har yaron ya dawo hanya, mu kuma mu yi kamar haka waƙar take. Ban taɓa ganin ya sa gwani ya buɗe taro ba. Duk wanda ya zauna a kwamitin nan ya san haka, don da yawansu ta wannan kujerar suka bi.

Abin da ake shirin yi inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Baƙi za su samu tafi da sabon bidiyon sakawa a Instagram, 'yan kwamiti su samu hoto da manya, zauren ya samu suna. Waɗanda suka yi jinyarsa, suka kwashe littattafansa a kwali lokacin da mai gida ya buƙaci ɗakinsa, su ne za su kaɗa wa masu neman bayan gida da masu amsa waya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gyaran ba wani abu ne mai wuya ba, kuma har yanzu da sauran lokaci. A juya jadawalin. Ɗalibai su riƙe tsakiyar taro, baƙi su zauna gefensu su raka su, yadda shi yake yi. Gwanin da ya ga wannan ya yi masa ƙanƙanta, a gode masa, a mayar da kuɗin jirginsa asusun. In babban zauren ba zai cika ba, a nemi ƙarami. Mandolin ɗinsa guda biyar da ke jingine a ɗakin ajiya, a sa musu sababbin tsirkiyoyi a ba yara aro, tun kafin sanyi da zafi su lanƙwasa musu wuya. Sannan wani ya karɓi ajin Asabar, wanda tun rasuwarsa ba a sake buɗewa ba, kuma ban ji an ambace shi ko sau ɗaya a zaman kwamitin ba.

Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon direba, wanda ya fara koyo bayan ya ajiye aiki. Yatsunsa sun yi kauri, da ƙyar suke shiga tsakanin layukan wuyan mandolin, kuma waƙa ɗaya tak ya iya daga farko har ƙarshe. Ita Malam ke koya masa a makonnin ƙarshe, daga kan gado, yana buga lokaci da yatsa a jikin ƙarfen gadon. Tun da aka sanar da taron yake bitarta kullum. Shekaranjiya ya kira ni yana tambaya ko a harabar za a ba su kujera, don ba ya iya kaɗawa a tsaye. Na ce zan tambaya. Na tambaya, an ce za a duba.

Na sayi tikitina. Zan je da wuri, da kujerar roba a hannu, in tsaya a harabar har ya gama waƙarsa. In an rufe ƙofar zauren, duk mai son kujerata ta ciki, layi na bakwai ce, ya zo ya karɓa.