Barewar da ba ta gudu

Shekara tara ina Dubai amma sai wannan hunturun na hau irin jirgin ruwan nan na yawon hutu, wanda ke tashi daga Port Rashid ya zaga ya dawo, kuma duk tsayawar da muka yi wadda ta tsaya min a rai ita ce ta tsibirin Sir Bani Yas da ke yammacin Abu Dhabi. Da safe muka sauka aka ɗebe mu a wata buɗaɗɗiyar mota zuwa gandun dabbobin, wanda ya cinye kusan rabin tsibirin.

Ko minti goma ba mu yi ba direba ya taka birki, barewa ce tsaye a gefen hanya tana kallon mu, kunnenta na motsi, baƙin zanen nan na gefen idonta kamar an ja mata kwalli, wallahi ko gezau. Ni ɗan Bauchi ne, barewar da na sani ƙurarta kawai kake gani. Ɗiyata ta ce Baba me ya sa ba ta tsoron mu, na ce saboda tun kakanninta ba wanda ya taɓa ɗaga musu bindiga a nan.

Marigayi Sheikh Zayed, shugaban farko na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, shi ne ya keɓe wurin tun shekarun 1970, ya hana farauta, aka dasa itatuwa miliyoyi a ƙasar da gishiri da duwatsu ne kawai. Idan ka duba gindin bishiya za ka ga siririn baƙin tiyo yana ɗiga mata ruwa, ɗaya bayan ɗaya har iya ganinka. Mun ga raƙumin dawa, mun ga jimina, da farin maririn Larabawa wanda a 1972 ya ƙare ƙaƙaf a daji, sai kiwo irin wannan ya dawo da shi.

To amma gaskiya ɗaya ce, wurin ya fi Yankari tsari nesa ba kusa ba, sai dai bai kai Yankari daji ba. A nan akwai shinge, akwai wurin zuba abinci, direba ya san inda kowace dabba take kwana. A Yankari za ka iya yini kana bin kogin Gaji ba ka ga giwa ba, ranar da ka gan ta kuwa gabanka sai ya faɗi, sannan ka dawo ka faɗa ruwan Wikki mai ɗumi wanda ba injin da ya dafa shi, daga ƙarƙashin dutse yake fitowa. Wannan ba kuɗin da zai saya, kuma mu kyauta Allah ya ba mu, an buɗe shi ga jama'a tun 1962.

Shi ya sa ba na yarda idan 'yan uwa suka ce ai kuɗin mai ne kawai. E akwai kuɗi, amma barewar nan ba kuɗi ne ya tsayar da ita ba, doka ce da aka kafa kuma aka bi. Ku dubi Kure a Nijar, raƙuman dawa sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, manoma da masu gadi suka tsaya musu, yanzu sun haura 600, suna kiwo a gefen gonakin gero ba shinge ba komai.

Abin da ya fi taɓa ni ma shi ne maririn Sahel, mai dogon ƙaho kamar takobi, wanda a 2000 aka ayyana ya ɓace daga daji. Hukumar muhalli ta Abu Dhabi ce ta kwaso daga garkenta a jirgin sama a 2016 ta mayar da shi Chadi, yankin Wadi Rime, har yanzu suna haihuwa a can. Dabbar yankinmu ce, sai da ta yi zaman baƙunta a ƙasar Larabawa kafin ta koma gida.

Idan Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara, Yankari zan kai yaran nan, ina so su ga giwa da idonsu a dajinta.