Saiwar baishao da yadda Sinawa ke shan ta

Wani labari ya ce saiwar farar fiyoni, wata shuka mai furanni, tana sauƙaƙa ciwon mara da na gaɓoɓi, amma bai faɗi yadda Sinawa suke amfani da ita ba. A ƙasar Sin, inda ake kiranta baishao, akan dafa saiwar, a ɓare ta, a shanya, sannan galibi a haɗa ta da wasu saiwoyi, kamar a tsohon haɗin mata mai suna Siwu Tang. A shekarar 1998 hukumomin ƙasar suka amince da maganin amosanin gaɓɓai da aka tace daga gare ta, wanda likitoci ke rubutawa. Kwalaben maganin saiwar da ake tallatawa ta intanet lamari ne daban, kuma ya kamata mai juna biyu ko mai shan maganin tsinka jini ya tuntuɓi likita kafin ya taɓa su.